Siminti ba maganin tsohon soro ba ne

Jama'a, duk mai zuwa Argungu kallon bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, ya daure ya leƙa Gidan Kanta. Nan ce tsohuwar fadar Sarkin Kabi, kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958, aka sa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi ya zauna a birnin Surame. Irin wannan gini, da sauran tsofaffin soraye na garuruwan bakin ruwa har zuwa kwatar Yauri, abu ɗaya nake ji musu tsoro: mai gyara da buhun siminti a ka.

Bangon tubali numfashi yake yi. Garin da ke kusa da gulbi ƙasarsa ba ta rabuwa da laima, tana hawa ta gindin bango, rana da iska su busar da ita ta jikin yaɓe. Da ka shafa siminti ka toshe mata hanya. Daga waje sumul, ciki kuwa tubali ya zama kunu, gara ta samu gida. Ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wata damina sai ɓawon ya zubo gaba ɗaya, ya tafi da naman bangon.

Magina na da sun san abin da suke yi. Azara daga giginya take, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kamar ƙafa 6. Shi ya sa suke fito da tauyi, wato guntayen azara da ke leƙowa daga bango su rage tazarar, ko su ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi na azara da ƙasa, su gicciya su a rufi, abin da ake kira daurin guga, don zaure ya yi faɗi. A saman rufi a shafa laso: haɗin katsi daga marina, gashin da ake kankarewa a majema, da danƙon tsiron dafara. Bango kuma makuba, ta ɓawon ɗorawa. Wallahi in rana ta faɗa kan bangon da ya sha makuba, jansa ya fi na kowane fenti kyau.

Kuma yawancin rufin da ke ruftawa, indararo ne sila. Ya toshe da ganye, ruwa ya kwana a sama, bakin azara ya ruɓe inda ya shiga bango. A share shi kafin ruwan farko, a cike tsaga, a ɗaga dakali a gindin bango don ruwan indararo ya sauka nesa. Yaɓen kuma a bar wa tsofaffin magina, a zuba musu yara su koya tun suna da rai.