Wasiyya ba ta mallaka wa mata gida

Abin yana damuna yadda magidanta da dama a Kano suka ɗauka da zarar sun rubuta "gidan nan na uwargida ne bayan raina", magana ta ƙare. Niyyar kirki ce, suna gudun kada a tagayyara ta.

Sai dai a shari'ar Musulunci babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada, ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Allah ya riga ya yanka wa mata rabonta: tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) in akwai 'ya'ya, rubu'i (kashi ɗaya cikin huɗu) in babu, kishiyoyi su raba.

A ce gadon duka gida ne a Kurna na naira miliyan 16, ga 'ya'ya, ba bashi, ba kishiya: miliyan 2 ne nata.

Mai son ƙara mata sai ya yi kyauta yana da lafiya, gaban shaidu, ta karɓi abin a hannunta, takardu su koma sunanta.