Fitilun da matuƙan jiragen soja ke gani a sama: a saurari shaida, a jinkirta hukunci

Duk lokacin da aka sake yaɗa bidiyon wani haske da jirgin soja ya ɗauko a sararin sama, mutanenmu na nan Legas sukan rabu gida biyu. Wasu su ce aljanu ne ko halittun wata duniya, wasu su ce ƙaryar Turawa ce da aka shirya domin a ɗauke hankalin talaka. Ban goyi bayan ko ɗaya ba, domin dukansu hukunci suke yankewa tun ba a gama sauraron shaida ba.

Matuƙan nan ba maƙaryata ba ne, kuma maganar ba ta yau ba ce. Tun a ƙarshen 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan Amurka masu sintirin dare a kan iyakar Faransa da Jamus suka riƙa ba da rahoton dunƙulen haske yana bin jiragensu. A watan Nuwamba na 2004 kuma Kwamanda David Fravor, wanda ya tashi daga jirgin ruwan yaƙi na Nimitz a gaɓar Kalifoniya, ya ce ya ga wani farin abu marar fiffike yana motsin da bai san wani jirgi da ke iya yin irinsa ba, ya kuma maimaita haka bisa rantsuwa a gaban Majalisar Dokokin Amurka a 2023. Mutumin da ya san abokan aiki za su yi masa dariya amma ya tsaya a kan maganarsa kusan shekara ashirin, ya cancanci a saurare shi.

Sai dai gaskiyar mai shaida ba ta tabbatar da fassarar da aka yi wa abin da ya gani, kuma labarin da ya fi nuna mini haka daga Meziko ya fito. Ranar 5 ga Maris, 2004, wani jirgin leƙen asiri na sojan saman ƙasar yana sintirin neman masu safarar miyagun ƙwayoyi a yankin Campeche, sai kyamararsa mai gano zafi ta nuno fitilu goma sha ɗaya a jere, waɗanda ma'aikatan jirgin ba su iya ganinsu da idanunsu ba. Hankalinsu ya tashi, suka ɗauka ana bin su, kuma da aka fitar da bidiyon a watan Mayu duniya ta ɗauka. Daga baya masu bincike suka auna inda jirgin yake da inda kyamarar ta fuskanta, sai aka ga ta saitu ne da rijiyoyin man Cantarell da ke can cikin teku, inda ake ƙone iskar gas dare da rana. Abin da ke da nisa sosai ba ya saurin gushewa daga gefen mai tafiya, shi ya sa ya zama kamar yana rakiyar jirgin. Wannan shi ne bayani mafi ƙarfi da aka samu, kuma bai kamata ya ba ɗan Najeriya mamaki ba, tunda irin wutar nan ce ke ci a Neja Delta shekara da shekaru.

Wani dattijo a majalisarmu ta Agege ya ce mini, "Malam, ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, balle idon soja." Na ce masa, "Alhaji, da rana ne yake sanin ƙima." Duk mazaunin wannan yanki ya san yadda jirgin da ke shirin sauka a Ikeja da dare, idan ya fuskanto mutum da fitilunsa, yakan yi kamar tauraro a tsaye wuri ɗaya na tsawon lokaci, alhali gudu yake yi. A cikin duhu, ba gini ba itace da za a kwatanta da shi, ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa kamanninsu ɗaya, kuma wanda bai san nisan abu ba, ba zai san girmansa ko saurinsa ba. Horon matuƙi yana rage wannan ruɗu amma ba ya kawar da shi. Yanzu ma ga taurarin ɗan'adam na Starlink sun ƙara cika sama, suna maido hasken rana bayan ta faɗi, har matuƙa da dama suka ba da rahoton fitilu masu kewaya waɗanda aka gano su ne.

Alƙaluman Amurka da ake yawan jawowa su ma ana karanta su a baibai. Rahoton hukumar leƙen asirinta na Yunin 2021 ya duba labarai 144 na abubuwan da aka gani a sama ba a gane su ba, ya ce ɗaya kaɗai aka tabbatar, wato wani balan-balan da ke sacewa. Masu son labarin wata duniya suka yi ta murna da ragowar 143, ba su lura rahoton ya ɗora laifin a kan ƙarancin bayanai ba. Da aka ƙara tsananta bincike, rahoton Janairun 2023 ya duba sababbin labarai 366, ya danganta 163 da balan-balan, 26 da jirage marasa matuƙi. Ofishin AARO, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa a 2022 domin binciken irin waɗannan labarai, ya bayyana a Maris na 2024 cewa bai samu hujjar wata fasaha daga wajen duniya ba. Akwai ragowar da har yau ba a warware ba, kuma daidai ne a bar su a haka har hujja ta zo.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Balan-balan ɗin ƙasar Sin da Amurka ta harbo a watan Fabrairu na 2023 ya nuna cewa abin da ba a gane ba yana iya zama idon wata ƙasa, kuma sai da aka gyara saitin na'urorin radar sannan aka fara hango ƙananan abubuwa masu tafiya a hankali waɗanda a da ake tace su. Mu ma jiragenmu suna sintiri a mashigin tekun Gini da yankin Tafkin Chadi da dazuzzukan Arewa maso Yamma, a zamanin da jirgi marar matuƙi ya zama abin da ɗan ta'adda ke iya saye. Idan matuƙi ya ga haske ya yi shiru don kada a ce ya fara gane-gane, ƙasa ce ta yi asara. Idan kuma aka yi gaggawar raɗa wa abin da kyamara ta nuno suna, mun ga sakamakonsa a Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi aƙalla 85, Allah Ya jiƙansu.

Faransa tun 1977 take da ofishi a ƙarƙashin hukumarta ta sararin samaniya wanda ke karɓar irin waɗannan rahotanni, ya bincika, kuma a yau yana wallafa sakamakon kowa ya gani. Irinsa nake so a yi mana: takarda guda da matuƙin soja ko na farar hula zai cike ba tare da fargaba ba, a adana ainihin bidiyon da bayanan radar da lokaci da wuri, sannan a haɗa da masanan hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA da na hukumar hasashen yanayi ta NiMet su gwada su da hanyoyin taurarin ɗan'adam da yanayin wannan daren da wuraren da ake ƙone gas.