Kafin ka danna "tura", ka sani ka shiga isnadi

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ƙaryar ɗan takara a lokacin zaɓe ba sabon abu ba ne, kuma ba ita ce ta fi tayar mini da hankali ba. Abin da ke damuna shi ne mutumin kirki, ɗan sahun gaba a masallaci, wanda ko allurar wani ba zai ɗauka ba, amma ya zama ɗan aiken wannan ƙarya kyauta, yana ma ganin addini yake yi wa hidima.

Masu tsara kamfen na zamani ba a kan sa'a suke aiki ba, sun karanci zuciyar ɗan Adam. Tun 1977 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka suka gwada abu mai sauƙi: suka riƙa gabatar wa mutane jimloli, wasu gaskiya wasu ƙarya, suna maimaita wasu bayan mako biyu-biyu. Jimlar da aka maimaita sai ta ƙara kama da gaskiya a wajen mai sauraro, ko da ƙarya ce. Shi ya sa za ka ji zargi guda a bakin mutum goma a rana ɗaya, har ka ce "ai kowa ya sani", alhali tushensa ɗaya ne.

A 2018 masu bincike a jami'ar MIT suka bi sawun labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma gaskiya na ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Ƙaryar siyasa ce ta fi kowace gudu. Wurin da ya fi ba ni kunya a binciken: da suka cire asusun da na'ura ke sarrafawa, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke yaɗawa da yatsunsu.

A shekarar ne kuma asirin Cambridge Analytica, wani kamfani mai amfani da bayanan mutane wajen tsara kamfen, ya tonu. Mutum kimanin 270,000 suka sauke wata manhajar gwajin hali a Facebook, ta nan aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai mutum miliyan 87. Kamfanin ya yi wa kamfen ɗin Donald Trump aiki a 2016. Masana na jayayya kan ko dabarar ta juya ƙuri'u da gaske, amma manufar a fili take: a gano abin da kake tsoro, a aiko maka da saƙon da aka ɗinka daidai da tsoron. Ga mai imani kuwa, babu tsoron da ya kai a ce masa addininsa na cikin haɗari. Nan suke taɓawa. Sai a yanko daƙiƙa ashirin daga jawabin awa guda, a liƙa masa aya a sama, a rubuta a ƙasa cewa duk mai kishin addini ya tura.

Wani zai ce laifin kimiyya ne. Ban yarda ba. Kimiyyar da ta koya musu dabarar ita ce ta tona mana ita. Kuma ginshiƙinta, wato kada ka karɓi magana sai ka gwada, ba baƙo ba ne a wajenmu. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya tabbatar da gwaji cewa gani na faruwa ne da hasken da ke shiga ido, ba wanda ke fita daga cikinsa ba, duk da manyan magabata irin su Batlimus, masanin taurari na zamanin da, sun tafi a kan akasin haka. Girman mai magana bai hana shi bincike ba.

Kafin shi ma, malaman hadisi sun yi abin da ya fi wannan tsanani. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Ibnu Sirin ya ce a da ba a tambayar isnadi, wato jerin mutanen da hadisi ya biyo ta bakinsu, sai da fitina ta auku aka fara cewa "ku ambata mana mazajenku", wato waɗanda kuka ji daga gare su. Ku lura da kyau: rikicin shugabanci ne ya sa aka fara ƙirƙirar hadisai, kowane ɓangare na neman Annabi (SAW) ya goyi bayansa, sai malamai suka tashi da tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Sukan ƙi ruwayar mutum mai yawan ibada don kawai haddarsa ba ta da ƙarfi. Mu jikokinsu kuma, saƙon murya ya iso daga lambar da ba mu sani ba, kafin ya ƙare mun raba shi zaure biyar.

Ɗan'uwa, da ka tura, ka zama marawaici. Wanda ya karɓa daga gare ka bai san tushen labarin ba, kai ya sani, da mutuncinka ya gaskata. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A Suratun Nur, kan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (RA), Ya ce kuna karɓarsa da harsunanku, kuna ɗaukarsa abu mai sauƙi, alhali babba ne a wurin Allah. Munafukai suka ƙirƙira, amma cikin waɗanda suka yaɗa akwai sahabbai na gari. Annabi (SAW) kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Ba na cewa a bar siyasa. Ka zaɓi wanda ka gamsu da shi, ka tallata shi, ka soki abokin hamayyarsa da abin da ya tabbata ya aikata. Sai dai ayar Ma'ida ta 8 tana kanka: kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Jarrabawar ba ta labarin da ya taɓa gwaninka ba ce, wannan ko ba a ce maka ba za ka bincika. Tana wajen labarin da ya yi maka daɗi, wanda ya faɗi abin da dama kake so a ce game da wanda ba ka so.

Annabi (SAW) ya siffanta matsiyacin al'ummarsa da wanda zai zo ranar ƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, sai a riƙa ɗibar ladansa ana biyansu. Hadisin bai ware 'yan siyasa ba. Mai yiwuwa wanda zai tsaya ya karɓi ladan tahajjudinka shi ne ɗan takarar da ka fi ƙi a duniya.