Wa ke duba allon mai koyon gyaran zuciya?

Shekaranjiya a majalisarmu ta Jekadafari wani abokina ya ce shi bai ga abin koyo a aikin saikolojis ba, ai hira ce kawai, kowa ma ya iya. Na kyale shi don kada shayi ya huce muna gardama, amma maganar ta kwana biyu tana cina, shi ya sa na kawo ta nan.

Da farko a raba abu biyu da muke haɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, shi ke rubuta magani. Saikolojis na asibiti kuwa masanin halayyar ɗan Adam ne da ya yi digiri na biyu, aikinsa gwaji da sauraro da magani ta hanyar zantawa, ba ya rubuta ƙwaya ko ɗaya. Kafin a sake shi da marasa lafiya sai ya yi horon sanin makamar aiki a ƙarƙashin wani babba. To a kan wannan babban nake son magana, don shi ne ba wanda yake tunawa da shi.

Ƙanwata ta karanci wannan fanni, ta yi horonta a wani asibitin koyarwa a wata jiha, ba zan faɗi suna ba. Wanda aka fara haɗa ta da shi mutum ne mai kirki, amma ganinsa sai an yi sa'a. Yau taron bita a Abuja, gobe aji a jami'a, jibi aikin wata ƙungiya. Ranar Juma'a sai ta kai masa littafin da take rubuta ayyukanta, ya sa hannu a kan bayan mota, ya ce "Madalla, a ci gaba da ƙoƙari." Wata biyu tana ganin marasa lafiya ba wanda ya taɓa jin yadda take magana da su.

Ku duba fa. Tela idan yaronsa ya karkata ɗinki, kowa zai gani a jikin riga. Ɗan koyon tiyata yana yanka ne babba na tsaye a kansa. Amma wannan aikin a ɗaki ake yinsa, ƙofa a rufe, mutum biyu. Idan ɗan koyo ya yi kuskure ba jini ba kumburi. Mara lafiya zai yi godiya ya tafi, ba zai sake dawowa ba, a rubuta cewa ya daina zuwa.

Da aka sauya mata sashe sai ta faɗa hannun wata dattijuwa da suke kira Malama. Duk mako tana da awa guda da ita, waya a kashe. Wata rana ƙanwata ta kai mata labarin wata mai jego (ni ma da ta ba ni labarin ba suna ba gari, Malama ta horar da ita a kan riƙe sirri har da mu 'yan gida). Ƙanwata ta yi wa matar tambayoyi goman nan da aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya a 1987 don gano ciwon damuwa bayan haihuwa, sakamako ya nuna lafiya lau.

Malama ba ta ko kalli takardar ba. Ta ce, "'Yata, wa da wa ke cikin ɗakin?"

Ta ce, "Ni da ita da surukarta, Malama."

"Ɗan fari ne?"

"Na fari ne."

"To ke da kike 'yar Gombe, yaushe kika ga mai ɗan fari ta buɗe baki a gaban uwar miji ta ce ba ta jin daɗin rayuwa? Wadda ko sunan yaron ba za ta kama ba? Alhamdulillahi ɗin da ta ba ki sau goma, surukarta ta ba wa, ba ke ba."

Malama ta sa aka sake kiran matar, aka roƙi surukar cikin ladabi ta riƙe jariri a waje. Malama ta zauna a gefe ba ta ce uffan ba. Ƙanwata ta ajiye takarda ta tambayi barci, da cin abinci, da ko tunani ya yi yawa. Matar ta yi kuka har ta jiƙa mayafi. Ta kwana arba'in ba ta yi barcin kirki ba, kuma a gida an fara cewa iska ce.

Wannan darasin babu shi a littafin Turawa. Gwaje-gwajen nan da Turanci aka rubuta yawancinsu, don mutanen da ba su san kunya irin tamu ba, balle fulaku. Mu kuwa a asibiti ɗaya za ka ga Bafulatana daga Dukku, Batangale daga Billiri, Batere daga Yamaltu Deba, da wanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno ko Yobe da firgicinsa. Kowa da yadda yake faɗin ciwonsa. Wani zai ce kansa na zafi, wani ƙirjinsa ya yi nauyi, wani ya riga ya sha ruƙiya da rubutu kafin ya iso. Ɗan koyon da ya yi wa ruƙiyar dariya ya rasa mara lafiya a ranar. Wa zai faɗa masa haka in ba wanda ya daɗe a aikin ba? Mu da muka yi makarantar allo mun sani, ba a wanke allo sai an biya a gaban malam.

Ban ɗora wa mai duban farko laifi duka ba. Mutanen nan 'yan kaɗan ne, ga marasa lafiya, ga koyarwa, ga masu hankoron ficewa ƙasar waje. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma yi maganar haƙƙin mara lafiya. Amma doka ba ta shiga ɗakin ganin mara lafiya, wanda aka horar ne yake shiga.

Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, ga na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Roƙona ga duk inda ake karɓar masu wannan horo shi ne a ɗauki duba ɗan koyo a matsayin aiki, a ware masa awa a jadawali kamar yadda ake ware ranar tiyata, kada a jibga wa mutum ɗaya yara goma, kuma a lissafa shi wajen ƙarin girma. Sa hannu a kan bayan mota a daina kiransa dubawa.

Wani abu da Malama ke yi, idan sun gama maganar marasa lafiya sai ta tambayi ƙanwata, "Ke kuma fa, kina barci?" Akwai makon da ƙanwata ta saurari wani da aka kashe 'yan uwansa a gabansa, ta kasa cin abinci, Malama ce ta fara lura kafin mu.

Yanzu ƙanwar tawa ita ma an ba ta 'yan koyo biyu. Ranar Laraba daga sha biyu zuwa ɗaya ko Hajiyarmu ce ta kira ba ta ɗauka.