Kafin a kashe kuɗi a kan gwajin MTHFR na gida

Wani labari kan gwajin MTHFR ya ce kowa ya sayi kwalin gwajin miyau ya san yadda jikinsa ke sarrafa folate (bitamin B9), amma bai faɗi me gwajin ke dubawa ba. Galibi wurare biyu ne a ƙwayar halittar MTHFR mai taimaka wa jiki sarrafa folate, wato C677T da A1298C, kuma gadon C677T daga uwa da uba duka ba kasafai ake samunsa a baƙar fata ba. Wannan ba shi ne gwajin AS da SS na kafin aure ba. In dole sai an saya, a duba ko kamfanin na karɓar samfuri daga Najeriya, kuma minti 30 kafin tofa miyau ba ci ba sha, ba goro ba asuwaki, in ba haka ba samfurin na iya lalacewa. Sakamakon ma ba ya nuna ƙarancin folate, gwajin jini na folate, bitamin B12 da homocysteine (sinadarin da ke ƙaruwa a jini in folate ya yi ƙaranci) ne ke nunawa. Mai neman haihuwa kuwa, ko me ya fito, folic acid (folate na ƙwayar magani) maikirogiram 400 kullum ne tun kafin ciki, domin bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri kan rufe cikin kwana 28 na farkon ciki. To a nan Katsina, me sakamakon zai canza mata?