Salsalar gidanku, daga bakin wa aka ji ta?

Yanzu da wuya ka sami babban gida a cikin birni da ba shi da zauren WhatsApp, kuma kusan kowane zaure an taɓa turo masa salsala: sunaye talatin ko arba'in a jere, wane ya haifi wane, har a dangana da Yaman ko wani Sahabi. 'Yan uwa su yi ta Masha Allah, baɗi a buga ta a kalandar taron zumunci. Ka kuskura ka tambayi inda aka samo ta, sai ka zama mai raba kan dangi.

Mu ne fa tun a Islamiyya aka koya mana cewa ba a karɓar hadisi sai an san wanda ya ruwaito shi da wanda ya ji daga gare shi. Amma da an zo zancen kakanni, "haka muka taso muka ji" ta wadatar.

Ko manyan littattafan garin nan ba su tsira daga saɓani ba. Tarihin Kano, wanda wani jami'in mulkin mallaka mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Wangarawa, wato malaman da suka taso daga ƙasar Mali, sun zo ne zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Littafin asalin Wangarawa kuwa, wanda aka rubuta wajajen 1650, ya sa zuwan Shehu Abdurrahman Zaite da jama'arsa ta Wangarawa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Tazarar ta kai shekara ɗari. Malaman tarihi ba su yar da ko ɗaya ba, sai suka shiga tambayar wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. In haka ta faru da tarihin gari guda, ina ga takardar da wani kawu ya buga a shagon kwamfuta?

Ni dai na fi yarda da tsohuwar da za ta ce maka, "Ɗan nan, shekara ban sani ba, amma ina goyon babanka Sarauniyar Ingila ta zo Kano." Wannan ta ba ka 1956 ke nan, kuma ta fi 1 ga Janairun da ke kan katin shaidarsa inganci. Sai dai a rarrabe abin da ta gani da idonta da abin da aka ba ta labari. Zancenta kan Basasar Kano ta 1893 ko shigowar Turawa a 1903 ji ta yi, don haka a tambaye ta, "Hajiya, wa ya faɗa miki?" a rubuta sunansa a gefe. A kula da sunaye ma. Gida ɗaya sai ka iske Muhammadu uku, a haɗe su su zama mutum guda. Mata kuwa alkunya ta ɓoye sunayensu, kowa Inna ko Gwaggo ya sani. Akwai ma kakar da da gangan ake tsallakewa saboda yadda ta shigo gidan zamanin bauta, alhali jininta ne a jikinmu.

Takarda ma ba wahayi ba ce. Rubutun ajami a gefen kundi, takardar rabon gado daga kotun alƙali, tsohon rasit na haraji, duk suna da daraja domin an rubuta su a lokacin da abin ya faru. Amma rahoton Bature da za ka gani a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ta bakin tafinta ya biyo, kuma mai ba da labarin ya san da sarauta a gabansa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu kulle kundi a adaka su ce sirrin gida ne, har gara da yoyon damina su gama da shi. Baba, ba wanda ya ce ka ba da shi. Bari yara su ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, su rubuta a hannun wa yake da unguwar da yake. Mai turawa zaure kuma ya turo hoton asalin, ba abin da ya kwafa ya gyara ba, ya faɗi inda yake da shakka. Takardun rigimar gado da sunayen masu rai kuma su tsaya a cikin dangi, kada a kai su Facebook.