Ranar da 'yata ta nemi Annabi Adamu a gidan tarihin Landan

Makarantar da 'yata take a nan Ingila ta nemi iyayen da za su taimaka wajen raka 'yan aji shida zuwa Landan, ni kuma ranar ba ni da aiki, sai na ba da sunana. Inda aka nufa shi ne babban gidan tarihin halittu da ke unguwar South Kensington. Wanda bai taɓa shiga ba, da wuya baki ya iya kwatanta masa. Tun 1881 aka buɗe shi, kuma in ka hango shi daga titi sai ka rantse majami'a ce: hasumiya biyu, ƙatuwar ƙofa mai lanƙwasa, bango na gasasshen yumɓu da aka sassaƙa wa tsuntsaye da kifaye da ganyaye tun daga ƙasa har sama. Kana shiga zauren farko, abin da zai tare ka ƙasusuwan wata dabbar teku ne, irin wadda ta fi kowace dabba girma a duniya, tsawonta ya haura mita 25, an rataye ta daga rufi tun 2017, baki buɗe kamar za ta haɗiye masu wucewa. A jikin ginshiƙai ga siffofin ƙananan birai suna hawa. Ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Can ƙuryar zauren kuma, a tsakiyar matakala, ga mutum-mutumin Charles Darwin, masanin da ya shahara da ka'idar juyin halitta, na farin dutse, zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, gemu har ƙirji, yara na layi ana ɗaukar su hoto a gabansa. Wanda ya yi fafutukar kafa gidan, Richard Owen, mai adawa da Darwin ne, kuma nasa mutum-mutumin ne ya daɗe a wannan gurbi kafin a ɗauke shi a shirin bikin cikar Darwin shekara 200 da haihuwa a 2009.

A sashen asalin ɗan Adam abin ya faru. An jera ƙoƙunan kai a bayan gilashi, kowanne da shekarunsa, wani dubu ɗari-ɗari, wani miliyoyi. Ummi, wadda sunan mahaifiyata gare ta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, sannan ta juya ga malamarsu ta ce, wanne ne Annabi Adamu a ciki? Malamar ta durƙusa daidai tsayinta, ta yi murmushi, ta ce da ita cikin taushin murya wannan labari ne mai kyau da wasu mutane suka yarda da shi, za a yi maganarsa a darasin addinai, amma a nan ana nuna abin da aka gano ne. Yarinyar ta waiwayo ta dube ni. Da a ce zagi aka yi, da na san abin da zan ce. Ladabi aka yi mana, kuma a cikin ladabin aka ɗauki abin da uwata da kakata suka rayu a kai aka jera shi tare da tatsuniyoyin duniya.

Malamar aikinta ta yi. A manhajar da gwamnatin Ingila ta fito da ita a 2014, juyin halitta, wato ka'idar cewa halittu suna sauyawa a hankali daga wani iri zuwa wani, na cikin darussan dole ga 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya, kuma duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnati an hana ta koyar da cewa Ubangiji ne ya halicci komai a matsayin kimiyya. Darasin addinai yana nan, amma yadda ake yinsa shi ne a jero Kiristanci da Musulunci da addinin Hindu da na Yahudu da na waɗanda ba su da addini, a ce ga abin da waɗannan suke cewa, ga na waɗancan. Yaro ba wawa ba ne. Yana lura cewa a wani ɗaki ana ce masa "ga yadda abu yake", a wani kuma "ga yadda wasu ke gani", kuma da kansa zai yanke wanne ne na gaske.

Kada wani ya ɗauka ni daga cikin masu toshe kunne nake. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti yake, kullum ina tare da ƙwayoyin cuta. Da idona nake ganin ƙwayar da maganin bara ke kashewa ta bijire masa bana, domin waɗanda suka jure ne suka tsira suka hayayyafa. Wannan shi ne ƙashin bayan abin da Darwin ya wallafa a 1859, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa ɗanɗana shi. Kulorokwin da aka shayar da mu muna yara ya daina aiki ne saboda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta sauya, har Najeriya ta koma wani maganin a wajajen 2005. Sikila da ake tilasta wa masu shirin aure gwajinta ta yawaita a cikinmu ne saboda mai AS ya fi jure wa mummunan zazzaɓi, abin da wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna tun 1954 a gabashin Afirka. Yawancin mutanen duniya in sun girma cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara, amma Fulani da dama nasu na narkarwa, saboda doguwar rayuwa da shanu. Ƙasusuwan ma ba na Turawa ba ne. A hamadar Djurab ta Chadi aka tono ƙoƙon kan da ake kira Toumaï a 2001, wanda masana suka ƙiyasta wa shekara wajen miliyan bakwai, a Gadoufaoua ta Nijar kuma aka haƙo dabbobin da suka shuɗe tun kafin a yi mutum.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya taɓa girgiza mini imani. Lissafin da ke cewa duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, wani limamin Kirista ne a Ireland mai suna James Ussher ya yi shi a 1650, ya ce an fara halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Rigimar da ake yi a Amurka a kan koyar da ka'idar Darwin a makarantu, tun daga shari'ar malamin makaranta John Scopes a 1925 har zuwa ta garin Dover a 2005, a gidan Kiristanci aka haife ta, kuma bai kamata mu aro ta ba. Mu Alƙur'ani ya gaya mana akwai yinin da yake kamar shekara dubu, akwai mai tsawon shekara dubu hamsin. Ya ce daga ruwa aka yi duk wani abu mai rai. A Suratul Ankabut ma umarni aka ba mu, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fari halitta. Saboda haka in masana sun ce duniya ta kai shekara biliyan huɗu da rabi, Allahu Akbar kawai nake cewa.

Inda na tsaya cak wuri ɗaya ne, shi ne Annabi Adamu, alaihis salam. Na san hujjojin da ake kawowa, ba na kuma raina su. Masana ba cewa suke yi birin da muke gani yau shi ya haifi mutum ba, kamar yadda ake yawan faɗa a gida. Cewa suke yi mutum da birin chimpanzi kakansu na can nesa ɗaya ne, kuma suna nuna cewa ƙwayoyin gadon biyun sun yi kama da kusan kashi 98 zuwa 99 cikin ɗari. Abokan aikina ba sa ko tantama a kai. Ni kuwa na karanta cewa misalin Isa a wurin Allah kamar misalin Adamu ne, Ya halicce shi daga turɓaya sannan Ya ce masa kasance, sai ya kasance. Wanda ya yarda an haifi Annabi Isa ba uba, ya riga ya yarda cewa Mai ƙa'idar yana iya tsallake ƙa'idarsa. Awon ƙashi da na jini an yi su ne don abin da ya bi ƙa'ida.

Akwai kuma abin da Turawa ba sa son a tuna musu, wanda baƙar fata ba shi da damar mantawa. Darwin kansa ya tsani bauta, wannan gaskiya ne. Amma a littafinsa na 1871 a kan asalin mutum ya yi hasashen cewa al'ummomin da ya kira wayayyu za su shafe waɗanda ya kira na daji. Ɗan'uwansa na jini Francis Galton shi ya kafa aƙidar tace iri, wato a bar "nagartattu" su hayayyafa a hana sauran, kuma sai a 2020 wata babbar jami'a a Landan ta cire sunansa daga ɗakin karatunta. A 1906 an ɗauki wani bawan Allah ɗan Kwango mai suna Ota Benga an ajiye shi a sashen birai na gidan namun daji na Bronx a birnin New York, mutane suna tururuwar kallo. Har gobe ana yi wa 'yan ƙwallonmu kukan biri a filayen Turai. Na sani kimiyyar yau ta yi watsi da duk wannan, ta ce mutane duka iri ɗaya ne kuma tushensu Afirka. Ai tsohon kwarangwal ɗin da aka tono a wani kogo a Ingila a 1903, mai shekara wajen dubu goma, binciken 2018 ya nuna mai duhun fata ne. To amma yaron da ke filin wasan makaranta bai karanta binciken 2018 ba. Zanen nan ya sani, na biri mai rarrafe yana miƙewa a hankali har ya zama farin mutum, kuma 'yata ce kaɗai baƙa a ajinsu.

Mu ma a gida muna da namu. Kowa ya tuna yadda aka koya mana wannan babi a ajin ƙarshe na sakandare: wuyan raƙumin dawa da masani Lamarck ya yi misali da shi, sunan Darwin, a haddace a zuba wa WAEC, malam ya ce ku rubuta don jarrabawa amma kada ku sa a zuciya. Ba a bayyana mana hujjar ba, ba a kuma ba mu amsarta ba. Wannan shirun yana da tsada. A 2009 shugaban Boko Haram na lokacin, Muhammad Yusuf, ya gaya wa BBC cewa ya ƙi ka'idar Darwin, ya kuma ƙi har da cewa duniya ƙwallo ce da bayanin kimiyya na yadda ruwan sama ke samuwa, kuma ya sami matasan da suka bi shi saboda ba wanda ya taɓa zama da su ya rarrabe musu abin da ya saɓa wa nassi da abin da bai saɓa ba. A nan Landan ma, a 2011, an yi wa wani limami barazanar kisa saboda ya yi lacca a kan wannan mas'ala. Wannan abin kunya ne, kuma ba na kare shi.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, na gida zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ilimin da ya yi mana ƙaranci ana iya cike shi da littafi da malami nagari. Abin da aka rasa a nan ban ga kasuwar da ake sayo shi ba. Cocin Ingila ta yi sulhu da Darwin tun da wuri, har a cikin majami'ar Westminster aka binne shi a 1882, kusa da Isaac Newton. A ƙidayar 2021, a karon farko waɗanda suka ce su Kiristoci ne a Ingila da Wales ba su kai rabi ba, kashi 46 ne, marasa addini kuma kashi 37. A unguwar da nake, wata tsohuwar majami'a ta zama gidajen haya, wata ta zama wurin motsa jiki. Za a ce dalilan suna da yawa, na yarda. Amma ni ina ganin daga ranar da aka mayar da Adamu misali, aka fara sassauta igiyar, sauran kuma suka bi. Yaron da ya tashi a gida, ko takalmi ba shi da shi, ya san shi ɗan Adam ne da Allah Ya karrama, ya san daga ina ya zo da inda za shi. Tsofaffin da nake gani a asibiti a nan, da yawansu sun san shekarun duniya, amma suna mutuwa ba kowa a gefen gado.

Wataƙila ma abin da ya fi ci mini rai bai shafi Darwin ba. Da a gida Ummi ta yi wannan tambayar, kafin magariba ta ji amsa daga bakin mutum goma: kakarta, malamin Islamiyya, ƙanen babanta da ya karanta likitanci, har maƙwabciya. Ko amsoshin ba su cika ba, za ta ga cewa duk manyan da take girmamawa a kan abu ɗaya suke tsaye. A nan ni kaɗai ne da mahaifiyarta, sai karatun Asabar na awa biyu, a gaban makarantar da ke riƙe da ita kwana biyar a mako da gidan tarihi mai kama da fada. A daren nan na zauna zan yi mata bayani, na fara da Hausa, ta ce, "Abba, faɗa mini da Turanci, ban gane ba." Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mun sha ji, amma ba a gaya mana cewa 'ya'ya ne ke biyan bashin ba. Hujjar da nake da ita a kan Annabi Adamu, da harshen da aka ba ni ita nake jin nauyinta, in na juya ta zuwa nasu sai ta fito kamar ɗaya daga cikin ra'ayoyin da ake jerowa a darasin addinai.

Shi ya sa muka fara maganar mayar da ita gida ta yi sakandare a wurin kakarta. Mahaifiyarta ba ta yarda ba tukuna. Tana kawo batun tsaro, da yajin aiki, da ingancin karatu, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na ce mata kimiyyar ni zan koya wa yarinyar da kaina a lokacin hutu, da hujjojinta duka, ba zan ɓoye mata ko ƙashi ɗaya ba. Takardar neman gurbin sakandare a nan dole a miƙa ta kafin ƙarshen Oktoba, kuma har yanzu tana kan tebur ba mu cike ta ba.